Obataim a Japan: yadda za ka lissafa kuɗinka da kanka

Yau kowa ya ɗauko kalkuleta, domin maganar kuɗi za mu yi, kuɗin ƙarin aiki a Japan, wanda mu muke kira obataim, su kuma suke cewa zangyo.

Abin da ya sa na ɗauko batun shi ne ni kaina an taɓa cin gumina. Na shafe kusan shekara ina aiki a wani kamfanin haɗa kaya, duk wata in karɓi takardar albashi in kalli layin ƙarshe kawai, in ce alhamdulillahi, in ninke in sa a aljihu. Sai ranar da wani dattijo abokin aikina ya karɓi takardar ya duba, ya tambaye ni, "Awa ɗaya taka nawa ce?" Wallahi ban sani ba. To wannan tambayar ita ce tushen komai.

Bari mu fara da doka. Japan tana da dokar ƙa'idojin ƙwadago tun 1947, ita ce ta ce aiki awa 8 ne a rana, awa 40 a mako. Kamfani ba shi da ikon sa ka wuce haka sai ya ƙulla yarjejeniya da wakilin ma'aikata ya kai ta ofishin ƙwadago. Sunanta saburoku kyotei, wato yarjejeniyar sashe na 36. Dokar kuma ta hana a bambanta albashi saboda ƙasar da mutum ya fito, don haka kai baƙo da ɗan ƙasa lissafinku ɗaya ne.

Yanzu ya ake gano kuɗin awa ɗaya in albashin wata kake karɓa? Ka cire ranakun hutun kamfani daga 365. Mu ce hutun kwana 125 ne, saura 240. Ka ninka da awa 8, ka samu 1,920, ka raba gida 12, ya ba ka awa 160 a wata. Sai ka raba albashinka da 160 ɗin.

A nan ne aka fi yi wa mutane wayo: wane albashin za a raba? Ni gundarin albashina yen 200,000 ne, akwai kuma alawus na ƙwarewa da na muƙami yen 40,000. Kamfanin ya riƙa raba 200,000 kaɗai, awata ta zama 1,250. Alhali doka ta lissafa abubuwan da aka yarda a ware, guda bakwai ne rak: alawus na iyali, kuɗin mota zuwa aiki, alawus na zama nesa da iyali, na karatun yara, na gida, kuɗin da ake bayarwa jefi-jefi, da wanda ake biya a tazarar da ta wuce wata ɗaya kamar bonas. Duk abin da ba ya cikin bakwai ɗin nan dole ya shiga lissafi. Ko alawus na gidan ma, in kowa kuɗi iri ɗaya ake ba shi ba tare da duba hayar da yake biya ba, ba a ware shi, suna kawai aka sa masa. Ke nan nawa ya kamata a raba 240,000 da 160, awa ɗaya 1,500.

To ga ƙarin da ake ɗorawa. Duk awar da ta wuce 8 a rana ko 40 a mako, ƙarin kashi 25 cikin 100 ne aƙalla, 1,500 ta zama 1,875. Da lissafinsu kuwa kusan 1,563 suke ba ni. Bambancin yen 312 da ɗoriya, kamar ba komai ba ko? Ka ninka da awa 30 a wata, yen 9,375 ke nan. A shekara 112,500. Kuɗin da zai yi wa mutanen gida abin kirki, yana zirarewa ban sani ba.

Aikin dare, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, shi ma yana da nasa kashi 25, ko da ba obataim kake yi ba. In kuma obataim ɗin ne ya kai ka cikin dare, sai a haɗa su biyu, kashi 50, wato 2,250. Ranar hutun da doka ta wajabta, kwana ɗaya a mako, kashi 35 ne, awa 2,025. In dare ya same ka a ranar, kashi 60 ne, 2,400. Amma ku lura, ba a ɗora kashi 25 na obataim a kan na ranar hutu, ko awa 10 ka yi 35 ɗin ne.

Wani wurin da ake rikicewa: kamfani yana hutun Asabar da Lahadi, sai mutum ya ɗauka duka biyun 35 ne. A'a. Guda ɗaya ce ta doka. In Lahadi ce, to aikin Asabar bayan ka cika awa 40 obataim ne na kashi 25. Haka nan in kwantiraginka awa 7 ne a rana, awa ta takwas kuɗinta na yau da kullum za a ba ka ba ƙari, sai dai in kamfanin ne ya ga dama.

Sai babba: in obataim ɗinka ya haura awa 60 a wata, abin da ya ɗoru a kai kashi 50 ne. Manyan kamfanoni tun Afrilun 2010 suke biyan haka, ƙanana da matsakaita kuma aka ɗaga musu ƙafa har zuwa Afrilun 2023. Yanzu babu wanda ya tsira, kuma tun da baƙi da yawa a ƙananan kamfanoni suke, wannan ya shafe su kai tsaye.

Mu gwada wata guda mai zafi. Ka yi obataim awa 70, goma daga ciki bayan ƙarfe 10 na dare, ka kuma yi awa 8 ran Lahadi. Awa 60 na farko sau 1,875, ya ba da 112,500. Goman da suka haura sau 2,250, ya ba da 22,500. Ƙarin dare yen 375 ne a kowace awa, sau 10, 3,750. Lahadi 8 sau 2,025, 16,200. Jimilla 154,950. In aka yi maka kuɗin goro, awa 78 duka a kan 1,875, za ka ga 146,250. An rage maka 8,700 a wata ɗaya, kuma takardar za ta yi kama da daidai.

Akwai iyaka ma a kan yawan obataim ɗin: awa 45 a wata, 360 a shekara. Da sharaɗi na musamman ana iya kaiwa 720 a shekara, amma wata ɗaya bai isa ya kai 100 ba har da aikin ranar hutu, kuma wuce 45 ɗin sau shida kawai aka yarda a shekara. Wannan ya fara aiki a 2019 ga manya, 2020 ga ƙanana. Ƙasar da har kalma take da ita ta mutuwa saboda yawan aiki, karoshi, ba da wasa ta kafa wannan iyakar ba.

Dabaru uku nake so ku sa wa ido. Na farko yanke mintoci. Ba a yarda a riƙa zubar da minti 10 ko 15 na kowace rana ba. Abin da aka halatta shi ne a jimillar wata, ƙasa da minti 30 a zubar, 30 zuwa sama a cika awa. Na biyu, a ce maka obataim na awa 20 yana cikin albashi. Wannan tsarin halal ne in an fayyace kuɗin da awannin, amma ranar da ka yi awa 21 sai an biya ka ta ɗayan. Na uku a laƙaba maka sunan manaja don a daina biya. A 2008 wata kotu a Tokyo ta yanke cewa wani manajan shagon McDonald's ya cancanci kuɗin obataim, domin suna kawai yake da shi, ba shi da ikon shugabanci na gaske. Ko manajan gasken ma ƙarin dare yana nan a kansa.

Ni dai abin da na yi, na tattara takardun albashina, na kwafi katin shiga da fita, na rubuta lissafin a takarda ɗaya na kai ofis cikin ladabi. Aka ce kuskure ne, aka gyara, aka biya ni bashin. Da sun ƙi, ofishin sa ido kan ƙa'idojin ƙwadago zan nufa, rodo kijun kantokusho, ana kai ƙorafi kyauta. Sai dai akwai wa'adi: tun Afrilun 2020 shekara 3 ne kake da su ka nemi kuɗin, da can 2 ne, kuma kowane wata nasa wa'adin daban yake ƙirgawa daga ranar biyan albashinsa. Wanda ya bar aikin ma yana iya nema. Don haka in kana da tsofaffin takardu a jaka, fara da wadda ta fi daɗewa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.