Kwana Goman da Ba a Yi Su Ba

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirinmu na musamman a yau zai kai mu nahiyar Turai ne, zuwa wani dare na shekarar 1582. Mutanen Italiya da Sifaniya da Fotugal da Polan sun kwanta barci ranar Alhamis 4 ga Oktoba, da gari ya waye Juma'a sai ga shi 15 ga wata. Daga ranar 5 zuwa 14 ga Oktoban wannan shekara ba a haifi kowa ba a waɗannan ƙasashe, ba a ɗaura aure ba, ba a ci kasuwa ba, domin ranakun ba su zo ba sam. A daren ne ma Allah ya yi wa Teresa ta Abila rasuwa, fitacciyar mai ibada a cocin Katolika: ta cika ranar 4, aka binne ta washegari, ranar 15.

Kalandar da ke rataye a ofisoshinmu, wadda ake biyan albashi da ita ake kuma buɗe makarantu, daga wannan dare ta fara aiki. To me ya kawo haka?

Tsohuwar kalandar Turawa ta Yuliyas Kaisar ce, shugaban Rum, wadda ta fara aiki shekara 45 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Lissafinta shi ne shekara kwana 365 ce da awa shida, saboda haka duk bayan shekara huɗu sai a ƙara wa Fabrairu kwana guda. Amma shekarar rana ba ta cika awa shidan ba, saura minti goma sha ɗaya da 'yan daƙiƙu. Mutum zai yi rayuwarsa duka bai lura da wannan ba. Sai dai duk bayan kimanin shekara 128 mintocin nan sukan taru su zama kwana ɗaya cur.

Abin ya dami coci ne saboda bikin Ista, wanda Kiristoci ke tunawa da tashin Yesu Almasihu bisa ga imaninsu. Ƙa'idar ita ce a yi bikin ranar Lahadin farko bayan wata ya cika, cikar da ta zo bayan ranar da dare da yini ke daidaita a ƙarshen hunturun Turai. Tun zamanin babban taron Nikiya na shekarar 325 coci ta riƙe 21 ga Maris a matsayin wannan rana. Kafin ƙarni na 16 kuwa, dare da yini suna daidaita ne tun wajen 11 ga Maris. Takarda na faɗin abu ɗaya, sama na nuna wani, kuma babban bikin addinin yana ta zamewa daga lokacinsa.

Gyara irin wannan yana bukatar a san ainihin tsawon shekara, kuma a nan hannu da yawa ne suka yi aikin. Al-Battani, masanin falaki da ya zauna a Raƙƙa ta ƙasar Sham ya kuma rasu a 929, ya auna shekara ya samu kwana 365 da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24, kuskurensa bai kai minti uku ba. A ƙarni na 13, a birnin Toledo na Sifaniya, malaman Yahudawa suka tsara wa Sarki Alfonso na 10, wanda Kirista ne, jadawalin tafiyar taurari, suna ɗorawa a kan aikin malaman Musulmin Andalus irin su Al-Zarƙali. Da wannan jadawali Turai ta yi ta lissafi ƙarni bayan ƙarni. Shi kansa Copernicus, da ya fitar da littafinsa a 1543 yana cewa duniya ce ke zagaya rana, ya ambaci Al-Battani, ya kuma bayyana wa Fafaroma Paul na 3 cewa batun gyaran kalanda na cikin abin da ya sa ya duƙufa a kan awon tafiyar rana da wata.

(Kiɗa kaɗan)

Wanda ya kawo dabarar da aka ɗauka wani likita ne daga kudancin Italiya, Aloysius Lilius. Bai ga amfanin aikinsa ba, don ya rasu a 1576, ɗan'uwansa Antonio ne ya kai rubutun gaban Fafaroma Gregory na 13. Kwamitin da ya duba shi ya haɗa da Christopher Clavius, Bajamushe masanin lissafi, da Ignazio Danti, limamin coci wanda ya ƙware a zanen taswira da ƙera kayan awo.

A wata hasumiya da ke fadar Batikan, ɗakin da masu zane suka ƙawata bangonsa, Danti ya huda ƙaramar ƙofa a bangon kudu, ya ja miƙaƙƙen layi a daɓen ƙasa. Kullum da tsakar rana ɗigon haske kan shigo ya sauka a kan layin, kuma inda ya sauka shi ke nuna matsayin rana a cikin shekara. Ba sai ka iya lissafi ba, idonka zai nuna maka cewa kalanda ta makara. Daga baya, a 1655, Giovanni Cassini ya shimfiɗa irin wannan layi mai tsawon kusan mita 67 a cocin San Petronio da ke Bolonya, kuma yana nan har gobe. Ɗakin ibada ne ya zama ma'aunin rana, abin da ya kamata mu riƙa tunawa duk lokacin da aka ce coci da kimiyya ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba.

Ranar 24 ga Fabrairun 1582 Fafaroma ya sa hannu a kan doka. A zubar da kwana goma. Sannan shekarun da ke rufe ƙarni ba za a ƙara musu kwana ba sai in 400 ta raba su daidai. Shi ya sa Fabrairun 1600 da na 2000 suka yi kwana 29, na 1700 da 1800 da 1900 ba su yi ba, na 2100 ma ba zai yi ba. Da wannan 'yar ƙa'ida kuskuren ya koma kwana ɗaya a cikin shekara dubu uku da wani abu.

Lissafin ya yi kyau ƙwarai. Amma masu sauraro, Turan da aka aika wa wannan doka a tsage take gida biyu. Tun 1517, da Martin Luther ya fito a Wittenberg yana sukar sayar da takardun yafe zunubi, Kiristocin yammacin Turai suka rabu, ga Katolika ga Furotesta, kuma an zubar da jini ba kaɗan ba. A 1572 an yi wa dubban Furotesta kisan gilla a Faris da wasu biranen Faransa, kuma wannan Fafaroman, Gregory, ya sa aka yi addu'ar godiya a Rum aka buga lambar tunawa. Shekara goma bayan haka sai ga shi da umarni a kan ranar da kowa zai yi ibadarsa. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni dai ban ga laifin tsoronsu ba, ko da yake tsoron ya hana su karɓar abin da yake daidai.

Masanan Furotesta da kansu sun rabu. Johannes Kepler ya goyi bayan gyaran, malaminsa Michael Maestlin ya yi ta rubutun suka. A Ingila, Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta nemi shawarar masanin lissafi John Dee, shi kuma ya ce gyara ya wajaba, amma manyan limaman cocin Ingila suka ƙi, don ba za su bi Rum ba. A birnin Augsburg na Jamus, inda ɗarikun biyu ke zaune tare, rigima ta kai ga tarzoma a 1584 lokacin da hukuma ta nemi korar babban mai wa'azin mabiya Luther saboda ƙin sabuwar kalanda. Fiye da shekara ɗari, ɗan kasuwa a Jamus kan bar wani gari ya isa maƙwabcinsa ya tarar kwanan wata ya bambanta da kwana goma, waɗannan na azumi waɗancan sun riga sun yi biki.

Sai a 1700 yankunan Furotesta na Jamus da Denmak suka karɓa, suka kuma sa mata sunan gyararriyar kalanda don kada a ce ta Fafaroma ce. Suwidin ta so bi a hankali, lissafi ya rikice mata, har ta yi ranar 30 ga Fabrairu a 1712 don komawa tsohon tsari. Birtaniya da ƙasashen da take mulka sai a 1752, lokacin gibin ya kai kwana 11: daga 2 ga Satumba aka tsallaka 14. Rasha ta jira har 1918, shi ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba ya faɗo a 7 ga Nuwamba a lissafin yau. Girka ta bi a 1923, Turkiyya a 1926.

Mu kuma ta zo mana ne tare da mulkin mallaka, ta hannun Ingila a Najeriya, ta hannun Faransa a Nijar, ta tarar da lissafin Hijira da aka kafa zamanin Halifa Umar. Shi wannan da wata yake tafiya, bai ɗaure kansa da rana ba, don haka matsalar Ista ba ta shafe shi ba, kuma azumi kan zagayo da sanyi da zafi da damina. A cikin Kiristoci kuwa maganar ba ta mutu ba har yanzu: cocin Rasha na riƙe da lissafin Kaisar wajen ibada, cocin Kibɗawan Masar da ta Habasha na da nasu tsohon lissafin, shi ya sa suke Kirsimeti a 7 ga Janairu, kwana 13 bayan saura. Daga shekarar 2100 tazarar da ke tsakanin kalandar Kaisar da ta Gregory za ta koma kwana 14.

A nan za mu dakata. 

(Kiɗan rufe shiri)