Ƙurar Dutse Da Sojojin Da Ke Cikin Huhunka

A Gusau, Tsafe da Bunguɗu, akwai samari da yawa da ke samun kuɗin makaranta ta hanyar fasa dutse ko aikin gini a lokacin hutu. Wasu kan tafi har wuraren haƙar zinariya. Kowa ya san bala'in gubar dalma da ta kashe yara kusan 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010. Amma ƙurar dutse na ɗauke da wani abokin gaba da ba a cika maganarsa ba, wato silika.

Cikin ƙananan jakunkunan iska na huhu akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makurofej. Aikinsu shi ne haɗiye ƙura da ƙwayoyin cuta. Kamar kusan kowace ƙwayar jikinka, suna ɗauke da umarnin gado wajen 20,000, amma ba duka suke aiki lokaci ɗaya ba. Ana kunna wasu, ana kashe wasu, kamar makunnin lantarki.

Idan makurofej ya haɗiyi ƙwayar cuta, yakan kunna umarnin kiran agaji, ya narkar da ita, sannan komai ya lafa. Silika kuwa ba ta narkewa. Sai ta fasa shi daga ciki, ya mutu, wani ya sake haɗiye ta. Kiran agajin ba ya tsayawa, kumburi ya daɗe, huhu ya yi ta yin tabo har ya ƙage. Wannan cuta ita ce silikosis. Takan yi shekaru kafin ta bayyana, da tari da sarƙewar numfashi, kuma tana sa tarin tibi ya fi saurin kama mutum.

Tabon huhu ba ya gogewa, shi ya sa rigakafi ya fi magani. Ka jiƙa dutse da ruwa kafin fasawa ko niƙawa. Ka sa takunkumin N95, domin ƙyalle ba ya tare ƙurar da ido ba ya gani. Kada ka shiga gida da kayan aiki.

In tari ya kai mako 2, ka je asibiti, kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ka gaya wa likita irin aikin da kake yi. Maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati.