Dutsen Meziko da daminar Adar

Duwatsun Buza da Keita, a yankin Adar, ba sa aman wuta. Tuddan marmara ne da ruwa ya tsattsage ya bar koramu. Amma akwai hujjar cewa biyu daga cikin munanan yunwoyin da Adar ta sha suna da nasaba da duwatsun da suka fashe a bayan teku.

A ƙarshen Maris da farkon Afrilun 1982 dutsen El Cicon na jihar Ciyafas, a kudancin Meziko, ya farka bayan barcin shekara kusan 600. Toka mai ƙuna ta gangaro ta binne ƙauyuka tara, mutum wajen 2,000 suka halaka, galibinsu manoma ƴan ƙabilar Zoke. Ɓarnar da ta ƙetaro teku kuwa ba a ganinta da ido. Dutsen ya cilla hayaƙin farar wuta kimanin tan miliyan 7 zuwa sama da kilomita 20, can inda ruwan sama ba ya wankewa. Hayaƙin ya haɗu da danshi ya zama siririn hazo mai mayar da hasken rana, ya zagaye duniya cikin mako uku.

Daminarmu tana bin zafi ne. Idan arewacin duniya ya ɗumama sai iska mai laima ta taso daga teku ta hauro har Tawa. In hazon dutse ya sanyaya arewa, hadari ba ya nisa, sai ya tsaya kudu. A 2013 Jim Haywood da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa uku daga cikin damina huɗu mafiya fari a Sahel tun 1900 sun biyo bayan irin wannan fashewa. Akwai 1983 da 1984, bayan fashewar El Cicon, lokacin yunwar El Buhari, da gero ya bushe tun bai yi kai ba, makiyayan Kel Geres na Azarori da maƙwabtansu suka ga dabba tana faɗuwa a bakin rijiya, ga iyakar Najeriya a rufe. Akwai kuma 1913, mafarin yunwar Kakalaba, shekara guda bayan dutsen Nobarufta na Alaska ya yi sa'a 60 yana amai.

Ba dutse kaɗai ke da laifi ba, domin fari ya kama yankin tun ƙarshen shekarun 1960. Dutsen ya ƙara wa mai rauni kaya ne. A 1984 ɗin aka buɗe aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da tallafin Italiya da hukumar FAO, mata suka yi ta jera dutse a fako don tare ruwa.

Abin da ke damuna shi ne, yau wasu masana na shawarar a fesa farar wuta sama da gangan don rage ɗumamar duniya. Binciken Haywood ya gwada wannan a kwamfuta: in aka fesa a arewacin duniya kaɗai, Sahel za ta bushe. Kafin wani jirgi ya tashi da wannan kaya, dole a ji ta bakin Nijar da manoman Adar.