Golmo da Aikin Soja a Ƙasar Zuru: Awon Wata Hujja

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin mutane game da ƙasar Zuru. Ana jinta a Rikoto da sauran unguwannin garin, ana kuma jinta a barikokin soja nesa da can. Maganar ita ce wai Dakarkari sun yi fice a aikin soja ne saboda golmo. Nufin wannan takarda shi ne a auna maganar, a ga iyakar abin da ta tabbatar, gama irinta ce ɗalibai suka fi kawowa idan aka tambaye su abin da ya jawo wani al'amari a tarihi.

Maganar ta tsaya kan abubuwa biyu waɗanda babu gardama a kansu. Na fari, golmo tsohuwar al'ada ce ta Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, harshensu kuwa C'lela. Saurayi mai neman aure yakan yi wa mahaifin yarinya noma har shekara 7, tare da tsararrakinsa, sa'an nan a yaye su a bikin Uhola. Na biyu, ƙasar Zuru ta ba da sojoji masu yawa tun zamanin Turawa, har da manyan hafsoshi kamar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja na Jihar Bauci daga 1984 zuwa 1985, daga baya ya zama Sarkin Zuru. Golmo gaskiya ne, yawan soja gaskiya ne. Abin da ya rage a bincika shi ne kalmar da ta ɗaure su, watau "saboda".

A nan harshe da kansa yakan ruɗi mai magana. "Saboda" ta samo asali daga kalmar Larabci mai nufin sababi, watau abin da ya haifar da wani abu. "Dalili" kuwa a Larabci shaida ce mai nuna hanya, amma Bahaushe yana amfani da ita ga sababi da shaida duka biyu. Hayaƙi dalili ne na cewa akwai wuta, amma wuta ce dalilin hayaƙi. "Domin" ma fuska biyu gare ta, takan nuna abin da ya sa, takan kuma nuna abin da ake nufi. Saboda haka wanda ya ce golmo ne dalilin aikin soja, wajibi ne a tambaye shi wace ma'ana yake nufi kafin a amsa masa.

Awo na fari shi ne na lokaci. Lalle sababi yana gabatar abin da ya haifar, amma ba duk abin da ya gabata ne sababi ba. Zakara yana cara kafin gari ya waye, ba shi ke wayar da shi ba. Golmo ya riga zuwan Turawa, ita kuwa rundunar da suka kafa a Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga, sai a 1897 aka kafa ta. Ashe kafin golmo ya kai kowa bariki, sai da aka sami barikin da mai ɗaukar soja.

Awo na biyu shi ne a duba ko ana samun sakamakon inda babu sababin da aka ambata. Ana samu. Tibi da Angasawa da Zabarmawa duk sun yi suna a aikin sojan Turawa, haka kuma Gurka na ƙasar Nefal a rundunar Ingila, alhali kowannensu da tasa al'adar aure. Awo na uku kishiyar wannan ne, watau ko ana samun sababin ba tare da sakamakon ba. Nan ma ana samu, gama mafi yawan waɗanda suka yi golmo manoma suka zama, a gona suka tsufa. Daga awon nan biyu ya bayyana golmo bai zama sharaɗi ba, bai kuma wadatar shi kaɗai ba.

Awo na huɗu shi ne a nemi waɗansu abubuwa da suka zo tare da shi. Turawa sun ɗora haraji na tsabar kuɗi, aikin soja kuwa yana ba da albashi kowane wata. Suna da ra'ayi, wanda suka kawo daga mulkinsu na Indiya, cewa waɗansu ƙabilu mayaƙa ne bisa halitta, sai suka yi ta komawa wurinsu neman kurata. Hausa ce harshen umurni a rundunar, kuma ta yaɗu a ƙasar Zuru. Har wa yau, wanda ya dawo daga yaƙin Bama na 1943 zuwa 1945 da kuɗin sallama da labari, ya zama abin koyi ga ƙannensa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya ɗaukar rabon nauyin da aka ɗora wa golmo.

Awo na biyar shi ne na alkibla, watau wanne ya haifi wanne. Ana cewa an ɗauki Dakarkari ne don jaruntakarsu ta shahara. Amma yawan ɗaukarsu ma yana ƙara shaharar, shaharar kuma ta ƙara ɗauka, har abin ya zama kamar kaza da ƙwai. Irin wannan hattara ta wajaba game da labarin nan da ake bayarwa cewa sunan Dakarkari daga "dakaru" ya fito, wai su ne sojan ƙasa na Kanta, Sarkin Kabi, a ƙarni na 16. Kamancin sauti ba ya tabbatar da asalin kalma. Sau da yawa faɗuwa ce takan zo daidai da zama, sa'an nan a gina labari a kai.

Duk da haka ba a ce golmo ba shi da hannu ba. Shekara 7 na noma cikin ƙungiya, da biyayya ga shugaba, da jimirin rana da yunwa, horo ne wanda zai taimaki kurtu. Amma ko an yarda da hannun nasa, akwai sauran tambaya game da hanyar da ya bi. Saurayin da ya shiga soja don golmo ya ƙarfafa shi, da wanda ya shiga don nauyin golmo ya ishe shi, dukansu "saboda golmo" za su ce, alhali labarinsu ya saɓa wa juna. Abin da zai raba gardama shi ne takardun Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da bayanin tsofaffin sojoji da iyalansu, a gwada na Zuru da na sauran wurare.

Amfanin wannan awo bai tsaya ga tarihi ba. Idan malami ya gaskata cewa al'ada ce kaɗai ta mai da mutanen wani wuri sojoji, zai dubi yaron da ya zo masa daga Rikoto ya yanke masa sana'a tun bai buɗe littafi ba. Ya kamata malaman kwalejojin horo su saba wa ɗalibansu, duk sa'ad da suka rubuta "saboda", su tsaya su tambayi kansu wanne ya gabata, ko ana samun ɗaya babu ɗayan, da kuma abin da ya zo tare da su wanda ba a ambata ba.