Mdou Moctar: waƙar da ta riga mai ita isa Amurka

A Madarumfa, kamar a Ɗan Isa da Maradi, kowa ya san masu teburin cajin waya da ke zuba wa mutane waƙoƙi a katin memori. Ta wannan hanya ce sunan Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, ya fita duniya, tun kafin intanet ta wadata a wayoyinmu.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tawa. Gidansu ba sa son kiɗa, don haka jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, kuma ya koyi hannu ne ta hanyar kwaikwayon manyansa irin su Abdallah Oumbadougou.

A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar. Waƙoƙin da harshen Tamashek suke, amma sautin na finafinan Hausa ne: ganga ta kwamfuta da muryar da na'ura ta lanƙwasa. Duk wanda ya saba da waƙoƙin Kano zai gane shi nan take. Ba kamfanin da ya fitar da faifan a lokacin. Daga waya zuwa waya ya riƙa tafiya ta Bluetooth, direba ya ba fasinja, fasinja ya ba ɗan uwansa, har ya tsallaka Mali.

A can ne wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ji waƙar Tahoultine a wayoyin mutane. Ya so ya saka ta cikin faifan da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, na waƙoƙin da aka tattaro daga wayoyin Sahara, amma sai da ya sha nema kafin ya gano mai ita. Waƙa ta yi farin jini, mawaƙi kuwa ko sisi bai gani ba, don waƙar da ke yawo a memori sau da yawa ba ta ɗauke da suna ko lambar waya. Matasanmu masu ɗora waƙa a TikTok da WhatsApp ba tare da sun ambaci sunansu a ciki ba, har yau wannan ramin suke faɗawa.

Bayan sun haɗu, Kirkley ya kawo masa jitar bahagwai, suka kuma shirya fim a Agadas da ya fito a 2015. Ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta da mutum huɗu: Mdou, Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganga, sai Ba'amurke Mikey Coltun a jitar bas. Kiɗan da suka goge a gidajen biki shi suka kai manyan dandamalin Turai da Amurka. Kamfanin Matador na New York ya fitar da Afrique Victime a 2021, sannan Funeral for Justice a 2024, faifan da ke caccakar abin da Faransa ta yi wa Nijar.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya same su suna rangadi a Amurka. Da aka rufe iyakoki, komawa gida ta gagara na ɗan lokaci, har sai da masoyansu suka yi musu karo-karo ta intanet don su samu abin zama.