Yaron da bai fita waje ba, idonsa ne ke fara faɗa

A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, wani bincike da aka buga a 2012 ya gano cewa sama da kashi 96 cikin ɗari na samari 'yan shekara 19 ba sa ganin nesa sai da tabarau. A manyan biranen Sin ma, takwas zuwa tara cikin kowane ɗalibai goma da ke gama sakandare haka suke. Gado kaɗai ba zai kawo wannan ba, domin kakanninsu ba su san wannan lalura da irin wannan yawa ba. Rayuwar yara ce ta canza: daga aji zuwa ajin ƙarin karatu, daga nan zuwa ɗaki gaban waya ko kwamfuta, rana ta fito ta faɗi ba su taka ciyawa ba.

An daɗe ana ɗora laifin a kan yawan karatu da ƙura wa abu na kusa ido. Amma a 2008 masu bincike suka kwatanta yara 'yan asalin Sin masu shekara shida zuwa bakwai a Sydney ta Ostireliya da takwarorinsu a Singafo. A Sydney kusan kashi 3 ne ke da matsalar, a Singafo kuwa kashi 29. Abin mamaki, yaran Sydney sun fi karanta littattafai. Bambancin shi ne suna kwashe kusan awa 14 a mako a waje, na Singafo kuwa awa uku. Masana na ganin hasken rana, wanda ko a inuwar bishiya ya ninka na ɗaki sau da yawa, yana sa ido ya saki wani sinadari da ke hana ƙwayar idon yin tsawo fiye da kima, wanda shi ke jawo rashin ganin nesa. An gwada a Guangzhou: a makarantun firamare da suka ƙara wa yara minti 40 a waje kowace ranar makaranta, bayan shekara uku kashi 30 ne suka kamu da matsalar, a sauran makarantun kusan kashi 40. Taiwan ta ƙarfafa wa makarantunta gwiwa tun 2010 su riƙa fitar da yara awa biyu kullum, kuma adadin masu matsalar da ya shafe shekaru yana hawa ya fara sauka.

Saboda haka ban yarda cewa waya ce kaɗai mai laifi ba. Illarta ita ce tana cinye lokacin da yaro zai yi a fili, kuma ido asara ce da likita ke iya aunawa. Babu na'urar da za ta auna abin da yaro ya rasa idan bai iya bambanta kanya da magarya ba, bai san lokacin da ɗorawa ke nuna ba, bai taɓa kallon hadari yana haɗuwa ya gane ruwa na tafe ba.

Wani zai ce wannan damuwar masu kuɗi ce, namu yaran ai rana ce ke ƙona su wajen talla da kiwo. Gaskiya ne ga da yawa, amma ba ga yaron Kano ko Abuja da ake kaiwa makaranta a mota, a dawo da shi gida mai katanga, a ba shi waya don ya yi shiru ba. Uzurin da ya fi ƙarfi shi ne na tsaro, kuma ba za a zargi uwar da ta hana ɗanta fita saboda masu satar mutane ba. Sai dai Taiwan ba daji ta tura yara ba, harabar makaranta ta yi amfani da ita. Makarantun kuɗi da ake buɗewa a gidajen haya, babu fili babu bishiya ko ɗaya, su ya kamata hukumomin ilimi su fara tambaya kafin su ba su izini.