Ruwan Abzin da Gidajen Agadas

Ruwan da ke sauka a Agadas cikin shekara guda da ƙyar yake kai milimita 150, kuma yawancinsa a Yuli da Agusta yake zuba. Duk da haka garin ya san ambaliya, kuma daga duwatsun Abzin take zuwar masa.

Idan hadari ya haɗu a can, cikin sa'a ɗaya ko biyu yake juye abin da ya ɗauko. Dutse ba ya shan ruwa, ƙasar da rana ta gasa har ta yi ɓawo ma haka take, ga shi babu ciyawar da za ta rage masa gudu. Sai ya gangara ƙananan koramu, su kuma su zuba a korin Telwa, wanda ke biyowa ta Dabaga da Azel kafin ya iso arewacin gari. Rairayin da raƙuma suka taka da safe, kafin dare ya koma kogi mai jan laka, yana jan itatuwa da dabbobi. Wani lokacin ma ko ɗigo bai sauka a cikin gari ba.

A farkon Satumban 2009 Telwa ya cika ya fasa madatsar da ke kare garin, dubban gidaje suka rushe. Gidan laka ta ƙasa yake mutuwa: ruwa ya kwanta a gindin katanga, tubali ya jiƙe ya narke, sai soro ya zauna gaba ɗaya, komai kyawun yaɓensa da indararonsa. Da irin wannan lakar aka gina tsohon birnin da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Ba za a yi gaba da Telwa ba, domin ruwan da ke nutsewa cikin yashinsa shi ke raya rijiyoyi da garakan albasa. Abin da ke damuna shi ne yadda gari ya faɗaɗa har cikin kwari, inda fili ke da arha, kuma talaka ne ke gini a wurin. Ruwan da ya taso daga Dabaga yana ɗaukar lokaci kafin ya iso. Da akwai ma'aunin ruwa a can, da wanda aka ɗora wa alhakin bugo waya, da gidan rediyo mai sanarwa nan take, da mutanen bakin kori sun samu damar kwashe yara da hatsi zuwa tudu.